Baba, Sun Ga Cikin Gwiwata

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinka.

Daga Salvador nake rubuto maka, can ƙasar Brazil, inda ƙwallon da ka hana ni har ka gaji ya kawo ni bayan rasuwarka. Yau kwana tara ke nan ban taka ƙafar dama ba, na kasa zama, na kasa kwanciya.

A fili abin ya faru. Na juya da gudu, na ji ƙas a gwiwa, na zube. Kai ka fara faɗo mini a rai. Shekara nawa kana ɗori a zaurenmu na Gusau, ka shafa ƙafar mutum da babban yatsa ka ce, "Ƙashi lafiya lau, tashi ka taka."

Da aka kai ni asibiti, hoton ƙashi ma haka ya ce. Amma na tashi, ƙafar ta ƙi.

Sai likitoci suka tura ni hoton MRI. Na'ura ce mai maganaɗisu, don haka sai da na cire duk wani ƙarfe, har zobenka na azurfa. Suka zura ni ciki, aka ce kada in motsa. Ƙara kamar injin niƙan bayan gidanmu. Ka san ni da rashin zama wuri ɗaya, ga hanci yana ƙaiƙayi. Ƙulhuwallahu na yi ta ja har aka fito da ni.

Likitar, wata dattijuwa mai furfura, ta nuna mini gwiwata yanka-yanka kamar albasa. Ta ɗora biro a kan wani wuri ta ce, jijiyar da ke riƙe gwiwar ce ta tsinke, guringuntsi kuma ya tsage. Za ta yanko wata jijiya daga bayan cinyata ta dasa a gurbin. Wata tara babu ƙwallo, kuma ba ta yi mini alkawarin zan koma gudu irin na da ba.

Baba, kai da ba ka yarda a sa wa gaɓa wuƙa ba. Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Jiya na dogara sanduna na hau mota har unguwar Comércio, bakin tashar jiragen ruwa, inda aka ce Hausawa sun yi dako a zamanin bauta. Na sayi ƙosansu mai manja, na kasa ci, na dawo.

Amma na tuna ranar da aka kawo maka wani direba da ya yi hatsari, ka taɓa shi sau ɗaya ka janye hannu ka ce, "Wannan ba nawa ba ne, ku kai shi asibiti."

Da safen nan na sa hannu a takardar amincewa. Alhamis za a yi aikin. Inna ba ta sani ba tukuna, sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ni kuma Ya tashe ni a kan ƙafafuna biyu, ko da ƙwallo ko babu.

Ɗanka mai kewarka,
Sabi'u