Goshin Lami da Ruwan Damina

Ku da kuke leƙen wasiƙar da ba taku ba, ga kacici-kacici ku riƙe kafin in gama da 'yar'uwata. Wane ne ba shi da ƙafa, ba shi da hannu, cikinsa fayau babu komai, bai taɓa shiga aji ba, amma ya yi damina guda yana kai yarinya makaranta? In kun kasa, ku ba ni gari. Kano ta yi wa gwiwoyina nisa, ku ba ni garin Ƙofa.

Zuwa ga Yaya Lami, 'yar Kawu Sale, taubashiyata.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya a duk inda Allah ya ajiye ki. Ki lura na rubuta Yaya. Tun muna yara kike nema in faɗa ina ƙi. To, ga shi a rubuce, kada ki saba.

Jikata ce ta ce in na rubuta za ta sa a waya, wai yanzu magana tana isa Sudan kafin tuwo ya huce. Tun da kuka bi hanyar gabas ke da mijinki da niyyar aikin hajji, sau ɗaya wani alhaji ya kawo labarin kun zauna a can. Daga nan shiru. Shi ya sa na ce bari in gwada wayar 'yan zamani.

Kin tuna shekarar da zan shiga aji huɗu na elementare, tun ba a samu mulkin kai ba? Ni kaɗai aka ɗauka boko a gidanmu. Da kuka aka kai ni, amma daga baya da kuka ake hana ni zuwa. Sai Inna Delu, wadda nake zaune a wurinta cikin Tudun Wada, ta tashi ta koma Kiru, dole na dawo ƙauye. Tsakaninmu da makaranta ga rafi. Da rani ko akuya tana tsallake shi. Da damina kuwa ya cika ya yi jawur.

Akwai mai fito, amma Baba ya ce 'yarsa ta fara girma, ba za ta riƙe hannun ƙato a tsakiyar ruwa ba. Ya ce in ruwa ya tare ni, Allah ne ya tare ni, in zauna in koyi kaɗi wurin uwata. Hedimasta shi kuma ya ce wadda ta yawaita fashi za a cire sunanta. Ina zaune bayan rumbu ina share majina kika zo kika zungure ni da ƙafa, kika ce kuka ba ya yi mini kyau, dama can ba kyakkyawa ba ce.

A ɗakin mahaifiyarki akwai wani ƙaton duma da kika shuka da hannunki, ya bushe tun kakar da ta wuce. An ajiye shi ne a fafe miki manyan ƙorai na jere, don an riga an kawo gaisuwarki. Kowace budurwa a ƙauyen ta zo ta shafa shi ta yi sha'awa. Shi kika ɗauko kika jefa a rafi.

Yadda muke yi har yau yana jikina. In naɗe zanen makaranta da littafi in ɗaure a ka. In kwantar da ƙirjina a gefe ɗaya na duman, ke a ɗaya gefen, mu riƙe damtsen juna ta samansa. Ke ce mai bugun ruwa da ƙafa, ni ce kaya. Ba kya shiga daga inda muke son fita. Sai mun taka can sama wajen tsamiya, sannan ki bar ruwan ya kawo mu mashigi da kansa. Kullum kina cewa, “Kada ki kalli ruwa, kalli goshina, ai ya ishe ki kallo.” Kuma gaskiya ne, Lami. Goshin nan naki ana iya shanya kuɓewa a kai.

Duk lokacin da mahaifiyarki ta ce a kira mai fafe ƙorai, sai ki ƙwanƙwasa duman, ki kara kunne, ki ce bai gama ƙosawa ba. Duman da ya bushe ƙayau yana ƙara kamar ganga. Ta san inda yake zuwa kowace safiya, ta dai kawar da kai.

Ranar da ba na mantawa ita ce wadda mai duba makarantu zai zo daga Kano, aka ce duk wadda ba ta cikin layi ta sallami kanta. An tafka ruwa a wajen Falgore, rafi ya taho da kumfa da karan dawa. Ko mai fito yana tsaye a gaɓa ya naɗe hannu. Kika dubi ruwan, kika wuce tsamiya, muka yi ta takawa sama har na zaci kin fasa. A tsakiya na hango wani reshe yana tahowa. Kika murɗa duman, kika ba reshen bayanki. Ya buge ki, ya ɗan tsaga saman duman, na ji ƙarar a hannuna, amma ba ki sake ni ba. Da muka fita kafaɗarki tana jini, kika ce in ruga, in na tsaya kallonki za ki ƙara mini da mari.

Na shiga layi gashina yana ɗiga, zanena a bushe. Aka miƙo mini littafi, na karanta. Sunana ya zauna.

Ladanki a wurina bai wuce abin da nake zana miki a yashi da yamma ba, in kin zo ɗaukata. Kafin ruwa ya janye kina haɗa baƙi da wasali, kina rubuta sunan saurayinki kina sharewa da ƙafa. Saboda haka kada ki ba wani ya karanta miki takardar nan. Na san kin iya.

Ban zama kowa ba, Lami. A aji huɗu na tsaya. Amma na karanta wa matan unguwa katin asibiti har idona ya gaji, kuma babu 'yata ko ɗaya da ta zauna a gida don rafi ko don wani. Jikar nan mai waya ungozoma ce a asibiti. Ba ta san a kan damtsenki ta tsallako ba sai yau.

In kina raye, Allah ya ba ki lafiya, ya sa wani ya ce miki Asabe tana cigiya. In kin riga ni, Allah ya haskaka makwancinki, ya tsallakar da ke siraɗi yadda kika tsallakar da ni, hannu bai saki ba. Amin.

Taki, wadda ta fi ki kyau har gobe,
Asabe

Ku kuma masu leƙe, na karɓi Ƙofa. Amsar ita ce duman Lami. Da kaka aka fafe shi biyu. Rabi ya bi ta gabas, rabi yana ɗakina a Tudun Wada, an ɗinke tsagar da reshen ya yi masa, a ciki nake zuba gero.