Wankan Jegon Zainabu

Zuwa ga ƙanena Issufu, a Yamai.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lahiyarka da ta iyali, da fatan aiki na tahiya daidai.

Shekaruna saba'in da ɗaya, kuma ban rubuto don ka tausaya mini ba. Zainabu, jikata da na rena, ta sauka lahiya, an sami namiji. Ka san wankan haihuwar fari a gida ake yin sa. Amma dangin mijinta a Tabotaki suka yanke ta zauna wajen surukarta, Hajiya Ai, wai hayaƙin itacen dafa ruwa zai tayar mini da asma. Ba wanda ya tambaye ni.

Ranar suna na je. Turaren wuta ya ɗaure mini ƙirji tun daga ƙofar ɗaki, na koma tsakar gida ina shaƙar magani. Ina kallon Ai tana shiga tana fita da jaririn a kafaɗa, har da waƙa, ko haki ba ta yi. Ta leƙo ta ce, "Malama, ki huta, mun ɗauke miki." Shekara talatin ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, ban taɓa ƙyashin kowa ba sai huhun matar nan.

Ka sa ni a addu'a, ka gaishe da uwargidanka da yara. Shawara kuwa riƙe abarka. Na sayar da tumakina na sayi murhun gaz, jiya na ɗauko Zainabu da ɗanta a mota. Sauran kwanakin arba'in a gidana za a cika su.

Yayarka,
Malama Hadiza