Ranar da Baba Ya Tuƙa Jemage

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, da fatan ƙafar nan ta daina damunka, kuma Mama tana nan lafiya. Ni ƙalau nake, aikin haƙar mai a tsakiyar teku sai godiya. Ka ga takarda maimakon waya ne saboda iska ta fizge mana faifan sadarwa ta jefa shi ruwa, kuma an ce sabo zai daɗe bai iso ba. Yanzu saƙonmu sai ta kwalekwalen da yake kawo mana abinci.

Baba, alfarma zan roƙa, don Allah kada ka yi dariya. Ka san wasan nan na jiragen sararin samaniya, wanda kake cewa ya mayar da ni mujiya. Ƙungiyarmu za ta yi ƙaura a ƙarshen wata. Za mu kwashe duk abin da muka tara, mu ratsa yankin 'yan fashi zuwa sabon gida. 'Yan fashin ma mutane ne kamar mu, kowa yana gaban kwamfutarsa. Ni ne ɗan leƙen asirin ƙungiyar, nakan shige gaba a ɓoye in duba hanya, sannan ayari ya biyo. Shugabarmu, wadda muke kira Kyaftin, tana da doka: wanda jirginsa bai fito ranar babban aiki ba ya rasa gurbinsa. Akwai wani Guduma da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan nawa. Shekara biyu na yi ina ƙera jirgin nan, kuma a wasan, jirgin da aka fasa ya tafi ke nan.

Kai nake so ka shirya shi, ka tuƙa min shi. Wanda ya yi rayuwarsa a kan tirela ba zai kasa wannan ba. Ka kunna kwamfutar ɗakina, wasan zai buɗe da kansa. Sunan jirgin Jemage, yana gareji babu komai a jikinsa. Gurabe biyar gare shi. Ka sa mayafi, shi ne yake ɓoye jirgin daga idon kowa. Ka sa injin sanyi, ba shi da gudu amma ba ya fitar da zafin da za a bi sawunsa. Ka sa kunne, mai jiyo jirage daga nesa. Ka sa ƙudaje, 'yan na'urorin da ake saki su leƙo gaba. Na biyar ka bar shi fanko, domin mayafi cin wuta gare shi, da ka kunna wani abu daban sai ya yaye.

Ka gaishe min da Mama. Allah Ya ƙara girma.

Ɗanka,
Dogo

*

Dogo,

Wa alaikumus salam. Mun ga takardarka, mun gode wa Allah da iskar ta ɗauki faifai ta bar mana kai. Ƙafa da sauƙi. Mamarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi.

Na yi dariyar da ka hana ni, sannan na shiga ɗakin naka. Kujerarka mai karyayyar taya ta kusa kai ni ƙasa, sai da na tokare ta da tsohon ƙamus ɗinka. Na saƙala abin kunnen nan, na kunna. Kai, Dogo, gani ya kori ji. Ashe abin da ke cikin akwatin nan ke nan kake zaune a kansa ba ka taɓa cewa in leƙo ba? Taurari ko'ina, hanya shimfiɗe ba rami, ba shingen bincike, ba mai tsallakawa da akuya. Fitata ta farko daga gareji na goga wa bango gefe, amma ko tirela ranar farko haka na yi mata.

Kyaftin ɗinku mutuniyar kirki ce. Na yi mata bayani, ta ce in dai Jemage zai fito, ba ruwanta da wanda yake riƙe da sitiyari. Yanzu duk ƙungiyar Baban Jemage suke kirana. Shi kuwa Guduma da na gaishe shi ya amsa kamar mai ciwon haƙori.

Sai maganar kaya. Na sa abin da ka lissafa, na ja baya na dubi jirgin, sai raina ya ƙi kwanciya. Wannan ai ba jirgi ba ne, gwangwani ne da fukafukai. Ko safaya babu. Na shiga rumbunka na tarar da kaya jibge, sai na cire injin sanyin nan mai tafiyar hawainiya na sa wani ƙato mai ruri. Ƙudaje ma na ajiye su na ɗora sulke, na sauke kunne na kafa bindiga, ita kuma ta zo da fitilarta mai kyau. A gurbin da ka ce a bari fanko na sa igiyar jan jirgin da ya lalace. Rigakafi ya fi magani. In ka ga Jemage yanzu sai ka sara masa.

Mamarka ta ce da can mujiya ɗaya gare ta a gida, yanzu ta samu tsohuwa.

Allah Ya tsare min kai.

Babanka

*

Baba,

Ina gaisuwa, a gaida Mama. Takardarka a tsaye na karanta ta, da na kai ƙarshe sai da abokin aikina ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Don girman Allah ka mayar da jirgin nan yadda na faɗa. Injin nan mai ruri, ana hango zafinsa daga ƙarshen duniya. Sulke yana hana mayafi rufe jiki. Bindigar kuwa ba za ta kashe ko sauro ba, sai dai ta sanar da mutane inda kake. Aikin Jemage ba faɗa ba ne. Ya ga kowa, kada kowa ya gan shi, shi ke nan. Duk abin da ka gani a hanya, ko me ne ne, ba naka ba ne. Ka faɗa wa Kyaftin, ka wuce.

Na san ba haka ka saba fita da mota ba, kuma na san don ni ka yi. Amma a can, ƙarfin jirgi shi ne rashin kayansa. Ka cire, ka cire, Baba.

Duk da haka na ji daɗi da taurarin suka burge ka. Ban taɓa zaton za su burge ka ba.

Ɗanka mai biyayya,
Dogo

*

Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri. Kwantar da hankalinka. Na cire inji, na cire sulke, na cire bindiga da fitilarta, na mayar da naka.

Kuma gaskiyarka ce, na gwada. Kyaftin ta tura ni bakin iyakar 'yan fashin don in saba. Na ja mayafi na laɓe bayan wani dutse mai yawo, na saki ƙudaje. Can sai kunne ya fara ƙyafta ja. Wani jibgegen jirgi ya taho, baƙi ƙirin, ya wuce ta gabana har ina karanta rubutun jikinsa, bai san da ni ba. Dogo, ban yi numfashi ba. Mamarka ta shigo da shayi tana magana, na ce mata ta yi a hankali kada su ji. Ta dube ni ta ajiye kofin ta fita, har yanzu ba ta daina ba maƙwabciyarmu labarin ba.

Rabona da jin jinina yana gudu haka tun ranar da na miƙa makullin tirela. Asabar ce ƙaurar. Na wanke tabarau, na gyara tayar kujera. Gurbinka yana hannun direba.

Babanka

*

Dogo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Ranar Asabar bayan la'asar ayari ya tashi, ni a gaba. Da ka ga yadda na tafi da su, da ka yi alfahari. Mashiga ta farko na hango masu gadi, na faɗa, aka kauce. Ta biyu fes. Kyaftin tana cewa madalla, yaran suna ta ihun Baban Jemage. Har Guduma ya ce tsohon nan ya iya.

A mashiga ta ƙarshe na tarar da wani ɗan ƙaramin jirgin kaya a gefen hanya, injinsa yana hayaƙi, yana ta aika saƙon neman taimako. Yaron da yake tuƙa shi ya rubuta cewa shi sabon shiga ne, an fasa masa inji, duk abin da ya mallaka yana ciki. Na faɗa wa Kyaftin. Ta ce, "Baba, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka wuce."

Ka lura a takardata ta baya na lissafa abin da na cire, ban ambaci igiya ba. Tana nan a gurbi na biyar. Na ce a raina ba ta cin wuta sai an kunna, me za ta ɓata?

Na wuce shi, wallahi na wuce. Amma duk tsawon shekaruna a hanya ban taɓa barin mota a lalace a daji ban taka birki ba. Haka aka koya mana, domin gobe kai ne a gefen titi. Hannuna ne ya juya kafin kaina ya gama shawara. Na jefa masa igiya, mayafi ya yaye.

Kafin in ƙifta ido sarari ya cika da jirage. Ashe duk rundunarsu tana laɓe a wurin cikin nasu mayafan, yaron kuma tarko ne. Na buɗe murya na ce, "Kyaftin, ku juya, suna nan gaba ɗayansu." Na ci gaba da faɗa mata irin jiragen da inda suke har allon ya yi fari. Ayari ya juya ta doguwar hanya, sun isa sabon gida ko kwali bai ɓata ba.

Jemage kam babu shi. Kyaftin ta yi min godiya, ta ce da na wuce shiru da ayarin ne zai faɗa hannunsu. Amma ta ce ɗan leƙen asiri ba ya zama babu jirgi, don haka Guduma ya karɓi gurbin. Na roƙe ta, ta ce doka ce.

Na zauna a kujerarka har aka kira magariba. Amana ka ba ni, ka faɗa min kome dalla-dalla, na yi gaban kaina. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma kunyarka nake ji. Ka yafe min. Ban sake kunna kwamfutar ba.

Babanka

*

Baba,

Ina gaisuwa, a gaida Mama.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji zafi. Na hau saman dandamalin haƙar mai na daɗe ina kallon ruwa. Da na sauko sai na ɗauko takardunka na sake karanta su tun daga ta farko, na tarar ina dariya ni kaɗai. Tun ina yaro kana hanya, in ka dawo ka gaji. Ban taɓa samun hira mai tsawo haka da kai ba.

Na yafe, Guduma ya ci gurbinsa lafiya. Ƙera sabon jirgi sai an haƙo ƙarfe wata da watanni, kuma aikin mutum biyu ne, ɗaya yana haƙa, ɗaya yana jigila. A bayan garejin akwai wata tsohuwar akwalar jirgin kaya. Ka kunna kwamfutar nan, ka sa mata duk abin da ranka yake so, ka fara ɗumama inji kafin in iso.

Ɗanka,
Dogo