Baurin Bagaruwa

Litinin, 3 ga Maris
Majemar nan da hannuna na gina ta. Gida ma haka. Yara duk na sa su makaranta, har babbar tana jami'a tana karatun haɗa magunguna. Ko tsinke ba wanda ya taɓa miƙo mini, ni da sakandare da ƙyar na ƙarasa. Yanzu ga wani sabo. Bagaruwar da muke jimar fata da ita na tafasa, na tace, na ba uwar yara don gudawa. Gudawar ta tsaya cak.

Alhamis, 6 ga Maris
Ni kaɗai na gano dalilin. Baurin da ke kame baki shi ke kame fata ta ƙi ruɓewa. To hanji fa, ba fata ba ne? Na sayo kwalabe. Kai, wannan kan nawa.

Asabar, 8 ga Maris
"Maigida, wato ni ma jemewa za ka yi?" in ji ta. Amma tana sha, kofi guda bayan kowane abinci. Na ce ta dinga yi, rigakafi ne.

Laraba, 16 ga Afrilu
Maƙwabta sun fara aiko da kwalabe.

Juma'a, 20 ga Yuni
Jiri ya kayar da uwar yara a kicin. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa sosai. Babbar ta taho daga makaranta. Ba ta yi mini musu ba, sai ta jefa ƙusa mai tsatsa cikin kofin bagaruwar uwarta. Kafin mu gama magana ruwan ya yi baƙi ƙirin.
"Baba, baurin nan tanin sunansa a kimiyya. Ƙarfe yake kamawa. Jini kuwa sai da sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci. Mama na ci, shi yana ƙwacewa."
Na ce kowane majemi ya san ƙarfe na baƙanta shi. Ta ce, "To ga shi." Yarinyar da na goya.

Lahadi, 22 ga Yuni
Na mayar da kwalaben majema. Wuri suke cinyewa a kicin, ba wani abu ba. Na sayo hanta, uwar yara ta ci har ta tsokane ni. Maƙwabta na ce musu ya ƙare.
Babbar na so ta kai ruwan zuwa ɗakin gwaji, ta auna yawan ƙarfen da yake kamawa, ta yi aikin kammala karatunta a kai. Na yarda. Sharaɗi ɗaya: a rubuta sunana cikakke a shafin farko, sama da nata.