Wutar Firji Ta Hana Sana Huɗa

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Aikin Wutar Lantarki na garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali lafiya, Alhaji, na kawo ƙarar yaronka Sabitu, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya.

Na farko. Da azumin bana maiɗakina ta sayi firji don sayar da zoɓo. Sabitu ya zo haɗa wuta, ya ce sai an binne sandar ƙarfe da gishiri da gawayi, a ɗaura mata wayar ƙasa, domin wutar da ta kauce hanya ta bi can. Na kawo komai. Ya sari ƙasa, ya ji taurin rani, sai ya ɗaura wayar a turken ƙarfen da nake ɗaure sana Jatau, ya zazzage gishirin a gindinsa. Wai ƙarfe duk ƙarfe ne.

Na biyu. Ruwan farko na sauka, Jatau ya kai harshe zai lashi gishiri, sai wuta ta ja shi. Alhaji, tun da nake ban taɓa ganin sa ya yi rawa irin wannan ba. Ya tsinke igiya, ya rusa danga, sai a hanyar kasuwa aka kamo shi.

Na uku, kuma nan raina ya fi ɓaci. Na kira Sabitu, ya zaro filaya ya karya ƙafa ta ukun filogin firjin, ya ce dama ado ce. To, turke ya daina jan sa, firji ya koma jan matata. Yanzu da muciya take buɗe shi, tana ambaton sunan Sabitu ba da alheri ba.

Ga damina ta kankama, maƙwabta sun gama huɗa, Jatau kuwa ko kwanon ƙarfe ya hango sai ya ja da baya, balle garma. Gonata na nan ciyawa na cin ta, kuma da geronta nake ciyar da gida.

Ina roƙon a turo wanda ya san aiki ya binne sandar nesa da garke, ya sa filogi mai ƙafa uku cikakku. Idan Jatau bai huce ba kafin Juma'a, a aro mini Sabitu. Karkiyata mai wuya biyu ce, ɗaya san yana nan, gefen Jatau ne babu kowa.

Allah Ya ƙara girma, Ya tsare gidanka daga aikin yaranka.

Wassalam.

Naka,
Malam Isyaku, manomi, daga wani ƙauye a yankin Minjibir