Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Fari

Uwargida,

Gaisuwa mai yawa da addu'a. Na san ba mai kai miki wannan takarda, amma yau farin ciki ya yi mini yawa, wa zan gaya wa in ba ke ba?

'Yar farinmu ta haihu, mace, ga ta ɓul-ɓul. Sai dai an sha wuya. Haihuwar ta yi gardama, na sa ta a lorina na auduga daga Funtua har Zariya, aka yi mata tiyata, aka kwantar da ita ɗakin masu tsananin ciwo, ga ƙarin jini, ga robar numfashi a hanci. Da ta farfaɗo sai hankali ya gushe. Ta ce gadon rijiya ce, nas-nas kuwa sun zo binne ta. Ta fizge allura, ta ƙi jaririyar. Dangi suka fara raɗe-raɗin iska, har mutanenmu na Mahuta suka aiko a kawo ta gida a yi mata girkar bori.

Likita ya ce zafin ciwo ne da zaman ɗakin suka rikita ta, yakan wuce, amma a samu wanda ta san muryarsa ya riƙa kiran sunanta yana gaya mata inda take. Kin ji aiki! Ni da ke wa ya taɓa furta sunan nan? Har kika koma ga Allah "'yar nan" kike cewa. Ni da na tashi daga dakon buhu na mallaki motoci, ƙartin kasuwa na rawar jiki in na yi tsawa, sai ga ni bakin gado baki ya ƙi buɗuwa. Na dubi bango, na ce Halima. Na sake. Na yi ta faɗa har kunya ta gaji ta bar ni.

Ran nan da hantsi ta juyo ta dube ni sosai, ta tambaya ashe Baba ya san sunanta. Ta yi dariya har ɗinki ya yi mata zafi, sannan ta nemi a miƙo mata 'yarta.

Jaririya ta ci sunanki. Suna so su ɓoye shi da laƙabi, na hana. Ke ma ai ban taɓa kiranki da shi ba, alhali kullum yana bakina. Yanzu baki ya buɗe.

Allah ya haskaka makwancinki, Saratu.

Ni ne mijinki,
Alhaji Mamman Mai Lori