Wuyanki da Wuyan Dabbar Teku

Zuwa ga Asama'u, uwar Rahina, sanyin randa a zafin Alƙahira, zumar farar saƙa, inuwar giginyata wadda yau na nesa ke sha!

Kwana tara ke nan da kika suri jaka kika koma gidan ƙanwarki Fatu a Hadayek el-Maadi. Kwana tara ina cin ful, dafaffen waken nan na Masar, safe da rana, har mai ful na unguwarmu Ard al-Liwa ya fara yi mini ta'aziyya da ido. Wayyo ni! Wa zai dama mini fura? Wa zai ce mini in rufe baki kafin in yi ɓarna?

Na san laifina. Ranar da 'yarmu ta kai mu jami'arsu ta Giza mu ga ƙasusuwan da take karatu a kansu, na dabbobin da suka ƙare tun sahara tana teku, na hango wata mai wuya kamar tabarya uku a haɗe. Na nuna ta da sanda, na shaida wa malamar Rahina, Daktora Dalia, cewa ga matata sak. Wallahi yabo na nufa! Ba wuyan nan naki ya tsayar da ni a kasuwar Damagaram ba, kina ɗauke da ƙwaryar nono kamar zabuwa mai sarauta, har jaki ya take mini ƙafa ban ji ba? Ni da na bar makaranta a aji huɗu, ina na san dabbar tana da ɗan kai kamar goro da ciki kamar kwalekwale a kife?

Ma'alish, yi haƙuri, ya tauraruwata. Rahina ta zaunar da ni ta ba ni karatu. Wai iri-iri ne, duk daga tudu kakanninsu suka faɗa ruwa, sura ta yi ta sauyawa da ikon Allah. Wasu sun fara sirara kamar ƙadangare, suka dunƙule suka koma kifi-kifi da idanu kamar faifai. Wasu dangin damo ne, ƙafafunsu suka baje suka zama filafili. Naki kuwa, astagfirullah, nata na ce, da malamai sun raba gidansu biyu da tsawon wuya: dogaye nan, gajeru masu ƙaton kai can. Daga baya suka duba ƙashi da kyau, suka ga wani mai gajeren wuyan ɗan ɗakin dogayen ne, zama ne kawai ya canza shi.

To, dube ni! Siriri na sauka Masar. Yau kushari, shinkafa da taliyar nan tasu, ya cinye wuyana, kai ya zauna a kafaɗa, tumbi yana riga ni shiga mikrobas, ƙaramar motar haya. Ni ne mai gajeren wuyan nan, amma gidanmu ɗaya, ƙashinmu ɗaya.

Yalla, dawo kafin Juma'a, hasken idona. Na yi alkawari daga yau da barewa kaɗai zan kwatanta ki, ita ma sai na tambayi Rahina tarihinta.

Naki har ranar da wasu ɗalibai za su tono mu a dutse guda, su rasa yadda aka yi wannan kyakkyawa ta jure wancan,

Tanimu, damo sarkin haƙuri.